Askar Gidanmu

Maza a gidanmu ba sa furfura. Haka na taso ina ji, kuma abin haushin, da wani irin alfahari ake faɗa, sai ka ce wata sarauta muka gada. Kakanmu ya rasu gemunsa baƙi wuluk. Babanmu ya bi bayansa ina 'yar firamare, bayan cikinsa ya kumbura, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Aka ce abokan kasuwa ne suka yi masa sammu a kan wata rumfa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, kowa ya kama gabansa.

Gidanmu yana Ƙofar 'Yandaka, babban gida ne na gado, kuma duk unguwar an san mu da abu guda: muna da askarmu ta kanmu. Kaka mutum ne mai ƙyanƙyami. Ya ce askar wanzami ta bi kan mai ƙuraje, ta bi kan mai makero, ta bi kan mahauci da ɗan dako, don haka ba za ta hau kan zuri'arsa ba. Ya sa maƙeri ya ƙera masa tasa, aka yi mata ƙota ta ƙahon bijimi, aka ɗinka mata jan kube. Bayan rasuwar tsofaffi ta dawo hannun mahaifiyarmu, Inna, tana ajiye ta a ƙasan adakarta tare da turare. In ka ji 'yan gidanmu suna cewa “mu ba mu haɗa aska da bare,” sai ka rantse tsabtar Katsina kaf a zaurenmu ta sauka.

Kowace Juma'a da hantsi Baba Wanzami yakan iso da zabirarsa. Shi ma gadon gidanmu ya yi, ubansa ne wanzamin Kaka. Zai shimfiɗa buzu a zaure, a aika cikin gida a karɓo askar, ya wasa ta a fata, ya fara da babban gida ya gangaro har kan 'yan ƙanana masu zillewa. In ya ɗan yanki mutum sai ya danne da babban yatsa, ya shafe askar a tafin hannunsa, ya ce na gaba ya matso. Da bazara kuma ƙaho ake yi, a tsattsaga bayan manya da ita a zuƙe mataccen jini. Ranar suna ita ce ke aske jariri, ita ce ke yi masa billen gidanmu a kuncin hagu, mace ko namiji. Nawa yana nan, in na yi dariya yakan ɗan lotsa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, Yaya, wanmu na fari, ya ci kujerar kansila. Gidanmu ya koma kasuwa. Masu neman taki, masu neman a haƙa musu rijiya, masu neman aikin masinja, da waɗanda ba su neman komai illa fura. Ni lokacin ina aure a Kambarawa, ina koyarwa a makarantar 'yanmata, sai ƙarshen mako nake leƙowa. Shi ya sa na riga kowa ganin ramarsa, don wanda ke ganinka kullum ba ya lura. Babbar riga ta fara yi masa yawa. In an kawo abinci mai maiƙo sai ya ture. Yakan riƙe gefen cikinsa na dama, ƙasan haƙarƙari, ya ce zirga-zirga ce ta yi masa yawa.

Da idanun suka canza launi aka ce shawara ce. Aka jiƙa saiwoyi, aka sayo rake ɗauri-ɗauri, aka kira Baba Wanzami ya kafa masa ƙaho daidai inda yake jin ciwon. Da askar gida mana, da wace kuma? Da abin ya ƙi, sai Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta gano bakin zaren. Wai an ba shi a fura a wajen wani taron siyasa. Ba ta je taron ba, ba ta ga furar ba, amma har ta san launin kwanon. Nan take gida ya ɗauka. Wasu suka ce 'yan adawa ne, wasu suka ce a'a, na cikin gida ne masu hangen kujerar shugaban ƙaramar hukuma. Aka yi ta ba bawan Allah maganin amai, wai sai ya amayo abin, yana ta ƙara zubewa.

Da ƙyar da jiɓin goshi muka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu wani babban asibiti a Kano. Ni na raka shi, don matarsa na da ciki. Cikin farko ke nan bayan shekara da shekaru suna jira, har mutane sun daina yi musu addu'ar a gabansu.

Bayan an ɗebi jini an yi hoton ciki, likitan ya kira ni ofishinsa. Dattijo ne mai magana a hankali. Kafin ya ce komai sai da ya ƙura wa kuncina ido.

“Malama, wa ya yi miki wannan tsagar?”

Na ce wanzamin gidanmu, kuma da askarmu ta kanmu, ba ta haya ba. Wallahi har da ɗan ɗaga kai na faɗa.

Ya tambaye ni yadda babanmu ya rasu, na gaya masa. Ya tambayi kakanmu, na gaya masa abin da na ji. Sai ya aje biro ya ce ciwon daji ne a hantar Yaya, kuma ya yi nisa. Amma ba daga sama ya faɗo ba. Akwai wata ƙwayar cutar hanta, nau'in da suke ce wa B, wadda ke bin jini. In ta shiga jikin babba, galibi jiki yakan kore ta. In kuwa ta shiga jikin jariri ko ƙaramin yaro, sai ta samu wurin zama. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, yaro ya girma, ya yi aure, ita kuwa tana can tana cin hanta a hankali. Hantar ta yi tabo a kan tabo har ta ƙandare, daga cikin tabon daji ya tsiro. Ya ce ta fi yi wa maza wannan ɗanyen aiki. Ya ce tana shiga ta aska, ta allurar da aka yi wa wani, kuma uwa tana iya ba ɗanta ranar haihuwa ba ta sani ba. Ba zai iya rantsuwa ta wace ƙofa ta shigo mana ba, amma aska ɗaya da ke bin kan manya ta sauka a fatar jarirai babbar ƙofa ce. A gwada kowa, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, abin da ke cikin matar Yaya kuwa a yi masa allura da zarar ya faɗo, kada kuma ƙarfen kowa ya taɓa shi.

Maganar uwa da ɗanta na haɗiye ta tun a mota, ban kai ta gida ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Ta aska na kai.

Ni a wautata na ɗauka za a ce Allah ya yi miki albarka. Ina rufe baki Gwaggo ta tafa hannu.

“Hanta? Ciwon hanta ai na mashaya ne. Yanzu ke da bakinki za ki fita ki ce ɗan gidan ga giya yake sha?”

Na ce ba wanda ya ambaci giya. Na sake bayani tun daga farko, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Baffa, autan su babanmu, wanda shi ne babba a gida a lokacin, ya gyara hula ya ce, “Shi likitan naki ya san siyasar garin nan? Ya san mutum nawa suka so kujerar nan?”

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Sammu daraja ne. Wanda aka yi wa sammu ya isa ne, ya tsole wa wasu ido. Ciwon hanta kuwa ba ya ƙara wa kowa girma, balle a ce daga zaurenmu ya fito, daga cikin jan kuben da muke taƙama da shi. Sun gwammace su zargi rabin Katsina da su kalli adakar Inna. Ita Inna ba ta sa baki ba sai da kowa ya gama, sannan ta ce, “Askar tsoho kike zagi,” ta tashi ta shige ɗaki.

Shi Yaya ya sani, don likita bai ɓoye masa ba. Wata rana da la'asar na same shi a kishingiɗe, ciki ya yi tulu, hannuwa sun zama sillen kara. Ya sa aka fita aka bar mu.

“Maganar cikin nan,” in ji shi, “ki tsaya a kanta. In an haihu lafiya, kada askar nan ta taɓa shi.”

Na ce, “To ka kira Inna ka gaya mata mana. Kai da ka hau mota da lasifika ka cika unguwa da surutu, yanzu tsohuwa ɗaya ta gagare ka?”

Ya yi dariya har ta sa shi tari. Ya ce, “Kin taɓa ganin mun yi zance da ita?”

Ban taɓa gani ba kuwa. Ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda mutanen da suke riƙe ta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, in zai gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa ta amsa tana kallon bango. Duk jinyar nan, sai dai ta dama kunu ta ba wani ya kai masa, ta tsaya a bayan labule tana sauraron ko ya sha. Na ce masa na ji, na ɗauka. A raina kuwa ina cewa wannan wace irin al'ada ce, mutum yana mutuwa amma ba shi da bakin yi wa uwarsa magana.

Ya rasu kafin damina ta ɗauke. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Masu ta'aziyya suka cika layi, 'yan siyasa suka zo da motoci, kowa na raɗa wa na kusa da shi sunan wanda yake zargi.

Na je aka gwada ni, aka ce ina ɗauke da ita. Har gobe ina zuwa a duba hantata, kuma ga ni nan da sauran kwana. Na lallaɓa matar Yaya, tana cikin takaba, aka zo har gida aka ɗebi jininta, Allah ya sa ba ta da ita. Mazan gidan kuwa ko ɗaya bai je ba. Na ce musu in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, suka ce kowa da ranarsa. Juma'a na zagayowa suka jeru a zaure, aka aika a karɓo aska.

Matar Yaya ta haihu a gida, namiji. Ina jin labari na bar aji na hau ɗan acaɓa. Lokacin ba a ko'ina ake samun allurar ba, na riga na yi cigiya na samu wani asibitin kuɗi da ke da ita. Na naɗe yaro a zane na nufi ƙofa, Gwaggo na bina tana cewa ba a fita da jariri kafin suna, iska za ta buge shi. Na ce iskar ta jira ni in dawo. Aka yi masa, na dawo da shi, ba wanda ya amsa sallamata.

Sai Baffa ya samu abin kamawa. Ya ce tunda an yi masa allurar tamu, ai shi ke nan, me aska za ta yi masa? Na ce allurar ba ta cika ba, da saura, kuma ko ta cika ba a gwada zurfin rijiya da ɗan mutum. Ya ce boko dai ba ta yi mini rana ba.

Suna ya faɗo ranar Asabar, washegarin askin Juma'a. Da safe aka raɗa suna a zaure, sunan ubansa aka mayar masa, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Baffa ya shigo cikin gida ya tura hula ƙeya saboda zafi, sai ga sabon yanka a gefen kansa, jinin ya bushe. Na ƙura wa wurin nan ido.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa a ƙwarya da sabulu. Baba Wanzami ya zauna ya buɗe zabira, mata suka kewaye. Ni kuwa tun asuba na karɓi yaron daga hannun uwarsa, wadda ba ta da ta cewa a gidan miji, na zauna da shi a kan turmi. Na ciro sabuwar reza a takardarta na aje a gaban Baba Wanzami.

“Baba, da wannan za a yi. Aski kawai, ban da bille.”

Baffa ya ce, “Rezar da mata ke aske hammata da ita? Ita za a ɗora a kan ɗan marigayi?”

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Baba Wanzami bai taɓa rezar ba. Ya dube ni da idanun da suka sa na ji kunya, don tsoho ne mai mutunci, bai taɓa nufin kowa da sharri ba.

“Malama,” in ji shi, “ni na yi miki wannan na kuncinki. A cinyata kika yi kuka. Yau hannuna ne ya zama guba?”

Na ce, “Ba hannunka ba ne, Baba. Jiya askar nan ta sha jinin Baffa, ga wurin can kowa na gani. Yau kuma a tsaga fuskar jariri da ita?”

Gwaggo ta ce ai an goge. Goge! A tafin hannu. Na ƙanƙame yaron. Aka yi ta magana a kaina ta ko'ina. Wai yaro maraya ne, billen nan shi ne shaidar ubansa, in ba shi wa zai san ɗan gidan nan ne. Wai ni da na yi aure na fita, me ya dawo da ni. Wai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ni na zo raba gida ne. Ana cikin haka labulen ɗakin Inna ya ɗaga, ta fito da jan kuben a hannu.

Ta miƙo ɗaya hannun. “Ba ni shi.”

Ban taɓa yi wa Inna musu ba tunda nake. Ranar na ce, “Ba zan bayar ba.” Bakina ya riga ya ɓalle. “Inna, Kaka ya tafi da kumburin ciki. Babanmu ya tafi da shi. Yaya ya tafi da shi. Ni da ke gabanki ina ɗauke da ita. Kullum sammu, kullum sammu. Mu kaɗai ne masu maƙiya a Katsina? Wannan kaɗai Yaya ya bari a duniya, kuma shi da bakinsa ya ce kada askar nan ta taɓa shi.”

Hannunta bai sauka ba, amma na ga yatsun sun lanƙwashe.

“Shi ya ce miki?”

“Shi ya ce. Na ce ya gaya miki, ya ce bai san ta inda zai fara ba.”

Ta daɗe a tsaye. Ba ni take kallo ba, ƙofar ɗakin da ya yi jinya take kallo, wanda ba ta taɓa shiga ba sai bayan an fitar da shi. Can ta ɗaga bakin zanenta ta soke kuben a ƙugu. Ta ce da Baba Wanzami, “Yi mishi da tata. Kuncin kuma a bar shi.”

Baffa ya ce, “Haba Hajiya, al'adar gidan nan tun...”

“Ɗan ɗana ne,” in ji Inna.

Ɗana. A gaban surukai, a gaban wanzami, a gaban maƙwabta. Tsofaffin matan suka sunkuyar da kai, don ba wanda ya taɓa jin kalmar a bakinta, sai yau da mai ita yake cikin ƙasa. Baba Wanzami ya ware takardar rezar, ya yi bisimilla, ya jiƙa kan yaron. Hannunsa ko gezau, ya aske shi tas ba ko ƙwarzane, yaron na ta tsala kuka a cinyata.

Kada wani ya ɗauka daga ranar gidanmu ya shiryu. Ina. Juma'a na zuwa askar ta fito zaure, manya suka jeru kamar ba a yi komai ba. Abin da na iya kawai shi ne janye ƙananan yara daga layin, da faɗa da zumɓure-zumɓuren iyayensu. Inna kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa hanta ba, in zancen ya taso sai ta ce Allah ya isa tsakaninta da 'yan siyasa. Baffa ma bai ga furfura ba. Da nasa cikin ya kumbura, Gwaggo ta gano cewa rigimar gona ce.

Yaron ya cika allurarsa, da ya yi wayo aka gwada shi, ba shi da komai. Ya taso shi kaɗai mai sumul ɗin kunci a cikin sa'o'insa na gidan, ana tsokanarsa da baƙo.

A ƙarshen rayuwarta yanar ido ta rufe wa Inna gani, sai ta koma gane jikoki da hannu. Duk wanda ya durƙusa gaishe ta sai ta lalubi kuncinsa na hagu, ta bi billen da yatsa, ta faɗi ko ɗan wane ne. Wata Sallah ina zaune a gefenta ya shigo, lokacin ya zama saurayi, murya ta fara buɗewa. Ya durƙusa, ta shafa kuncin, ta sake shafawa.

“Wane ne wanga marar shaida?”

“Maigidanki ne, Inna. Na zo a ba ni tuwo.”

“Miji ba cefane, sai ci.” Ta kai hannu ta ture hularsa, ta cusa yatsu cikin sumarsa tana lalube. “Akwai furfura?”

Ya yi dariya. “Haba Inna, ko gemu ban fara ba.”

Ba ta yi dariyar ba, kuma ba ta ɗauke hannun ba.

“To ka yi ta,” in ji ta. “Ka yi ta da yawa, fari fat, har yara su riƙa yi maka dariya. Ban taɓa ganinta a kan wani namiji nawa ba.”